Ƙudan zuma mai dogon ƙaho: me ya sa masana ke ta sauya masa suna, kuma ina ruwan manomin Gombe?

Duk wanda ya nemi bayani a intanet kan ƙudan zuman da ke barbarar furen kabewa a Amurka zai ci karo da sunaye uku. Wani shafin zai ce Peponapis pruinosa, wani ya ce Eucera pruinosa, na baya-bayan nan kuma su ce Xenoglossa pruinosa. Ƙwaro ɗaya ne tak, daga cikin ƙudan zuman da ake kira masu dogon ƙaho. Tsakanin 2018 da 2023 sau biyu masana suka sauya masa suna, kuma ba shi kaɗai guguwar ta ɗiba ba. 'Yan uwansa na Afirka, masu shiga furen auduga, su ma an ɗaga su daga inda suke, daga baya aka mayar da su. Ɗaliban aikin gona da na ilimin halittu, irin na Jami'ar Tarayya ta Kashere ko Kwalejin Koyon Noman Lambu ta Dadin Kowa, su suka fi shan wahalar wannan lamari, domin abin da littafin laburare ya faɗa daban, abin da waya ta nuna daban.

Manomi kuwa ba shi da labarin rigimar. Sai dai ƙwaron da ake ja-in-ja a kan sunansa irin wanda ke kwana a ƙarƙashin ƙasar gona ne, kuma yana da hannu a yawan amfanin da ake ɗauka.

Wane irin ƙudan zuma ne wannan?

Idan aka ce ƙudan zuma, hankalin Bahaushe kan tafi ga na amya, mai sarauniya da dubban ma'aikata, mai saƙa da zuma da harbi. Wanda ya san daji sosai zai ƙara da galla, ƙanƙanuwar nan marar harbi. To amma a duniya akwai jinsin ƙudan zuma sama da 20,000 da aka sa wa suna, kuma na amya da makusantansa ba su fi goma da 'yan kai ba a ciki. Mafi yawan sauran ba su da sarauniya, ba sa tara zuma, ba sa zaman taro. Kusan kashi 70 cikin ɗari a ƙasa suke haƙa rami su yi gida.

Masu dogon ƙaho suna cikin waɗannan. Masana na kiran zuriyarsu Eucerini, kuma jinsinsu ya haura 700, a Turai da Asiya da Afirka da nahiyar Amurka. Ƙahon da ake magana shi ne siraran abubuwa biyun nan da ke fitowa daga goshin ƙwaro, waɗanda yake shinshina da taɓa abu da su. Na namijin yakan yi tsawo ƙwarai, a wasu jinsunan har ya kusa kai tsawon jikinsa. Na macen gajere ne, shi ya sa wanda bai sani ba zai ɗauka ƙwari biyu ne mabambanta. Macen jikinta cike yake da gashi, kuma a ƙafafunta na baya gashin ya fi kauri, da shi take kwaso garin fure.

Aikin gida duk nata ne. Bayan barbara sai ta nemi wuri, ta haƙa rami ya nutsa ƙasa, ta fitar da 'yan ɗakuna a gefe, ta shafe bangon kowane da wani maiƙo da ke fita daga jikinta don kada danshi ya lalata abin da ke ciki. Sai ta yi ta zirga-zirga tsakanin fure da rami, tana tara garin fure tana kwaɓa shi da ruwan zaƙin furen. In abincin ya isa ta saka ƙwai ɗaya a kai, ta toshe ɗakin, ta koma na gaba. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta cinye guzurin, ta kwanta a ƙasa watanni har lokacin furen da suka dogara da shi ya zagayo. Uwar ba ta ganin 'ya'yanta, kafin su fito ta mutu. A yawancin jinsunan zubi ɗaya ake yi a shekara, kuma wannan batu zai dawo idan aka zo maganar huɗa da feshi.

Wani lokaci akan ga ramuka da dama kusa da juna a fili guda, har mutum ya zaci gari ne irin na tururuwa. Maƙwabtaka ce kawai, kowace da raminta. Da yake ba su da rumbun zuma da za su kare, ba sa taruwa su far wa mutum. Macen na iya harbi in an matse ta a hannu, namijin kuwa ba shi da ƙari ko kaɗan. Shi ba ya ma da gida: a cikin fure yake kwana, ko su jeru a jikin kara su kama shi da baki har gari ya waye.

Yadda ake gina sunan

Tsarin sa wa dabba suna mai kalma biyu ya kafu ne da littafin Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, bugu na goma na 1758. Kalma ta farko sunan gida ce, wato rukunin jinsunan da ke da kusanci sosai. Ta biyu ta jinsin ce ita kanta. Sama da gida akwai zuriya, sama da zuriya akwai dangi. Masu dogon ƙaho suna cikin dangin Apidae, dangi ɗaya da ƙudan zuman amya da galla da babban baƙin nan mai huda itace. Sama da nan kuma suna rukuni guda da rina da zanzaro da tururuwa.

Linnaeus da kansa ya sa wa ɗaya daga cikinsu suna a 1758, wanda ake samu a Turai. Ya kira shi Apis longicornis, ya haɗa shi gida ɗaya da na amya, Apis mellifera. A 1770 Giovanni Scopoli ya buɗe sabon gida mai suna Eucera, ƙwaron ya koma Eucera longicornis, kuma har yau nan yake. Ke nan sauya gida tun farkon tsarin ake yin sa.

Akwai hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da dokokin sunayen dabbobi, an kafa ta a 1895. Dokokinta biyu ne suka fi shafar wannan batu. Ta farko: idan aka haɗe gidaje biyu, sunan da ya riga fitowa shi ke tsayawa. Ta biyu: gidaje biyu na dabbobi ba za su ɗauki suna ɗaya ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne hukumar ba ta yanke hukunci a kan ko ya dace a haɗe ko a raba. Wannan na masu bincike ne, kowa ya kawo hujjarsa, wadda ta fi karɓuwa ta yaɗu. Saboda haka babu ranar da ake sanar da cewa tsohon suna ya daina aiki, kuma tsoho da sabo kan yi shekaru suna tafiya tare.

Tafiyar ƙwaro ɗaya daga gida zuwa gida

Mai furen kabewa ya isa misali. Thomas Say ya bayyana shi a 1837 da sunan Macrocera pruinosa. Sunan Macrocera bai ɗore a wajen ƙudan zuma ba, domin tun 1803 an riga an ba wa wani gidan ƙudaje shi, sai doka ta biyu ta hau kansa. Tetralonia ne sunan da Massimiliano Spinola ya kawo a madadinsa. A 1902 Charles Robertson ya ware wa ƙwaron gida mai suna Peponapis, ya zauna a nan fiye da shekara ɗari, har manoman kabewa da malaman gona na Amurka suka saba da sunan.

A duk tsawon wannan lokaci da siffar jiki ake rarrabewa, ana duba ƙwaro a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wata alama da aka daɗe ana dogaro da ita tana jikin fiffike. Jijiyoyin fiffiken gaba sukan kewaye wasu 'yan gurabe a jere, a wasu ƙwarin biyu, a wasu uku. Masu biyu a ce Eucera ne, masu uku a kai su wasu gidajen. Alama ce mai sauƙin gani, amma tun kafin zuwan gwajin ƙwayoyin gado an fara shakkar ta. Charles Michener, wanda babban littafinsa kan ƙudan zuman duniya ya fito a 2000, ya riga ya shigar da wasu masu gurabe uku cikin Eucera.

A 2018 Achik Dorchin da abokan aikinsa suka fitar da bincike da ya haɗa siffar jiki da ƙwayoyin gado. Ya nuna cewa wasu gidajen da aka sani tarkace ne, an tara ƙwarin da suka yi kama amma ba kaka ɗaya suka fito ba, wasu kuma reshe ne a cikin wani gidan. Maganin da suka kawo shi ne a faɗaɗa Eucera ya haɗiye su. Da yake sunan 1770 ya girmi sauran, shi ya tsaya. Peponapis da Xenoglossa da Tetralonia duk suka zama sassa a cikinsa.

Shekara biyar bayan haka, a 2023, Felipe Freitas da wata tawaga, da Dorchin ɗin a cikinta, suka sake duba lamarin da wata hanya mai karanta wurare masu yawan gaske a ƙwayoyin gado, har da na tsofaffin ƙwarin da suka daɗe a ajiye a gidajen tarihi. Suka raba babban gidan. Tetralonia ya dawo da matsayinsa. Masu furen kabewa da makusantansu na nahiyar Amurka aka tara su wuri guda, kuma da yake Xenoglossa na 1854 ya girmi Peponapis na 1902, shi ya ɗauki gidan.

Dattijon da aka haifa a Kumo kafin 1967 ya ga irin wannan a takardunsa. Ya zama ɗan Jihar Arewa maso Gabas, a 1976 ya zama ɗan Jihar Bauchi, a 1996 ya zama ɗan Jihar Gombe, alhali bai taɓa barin unguwarsu ba. Inda misalin ya gaza shi ne iyakar jiha shawarar hukuma ce, iyakar gidan ƙwaro kuwa ƙoƙari ne na bin sawun dangantaka ta jini, wadda sabuwar hujja ke iya gyara fahimtarta.

Masu dunƙulewa da masu rarrabawa

Ɓangarorin biyu sun yarda da ƙa'ida ɗaya: gida ya ƙunshi kaka guda da dukkan zuriyarsa, kada a bar wasu a waje, kada a shigo da bare. Saɓanin yana wajen da za a ja layi a jikin bishiyar dangantakar.

Masu dunƙulewa na cewa babban gida ya fi jure sabon bincike. Ko an gano wani reshe ba inda aka zata yake ba, sunan ƙwaron ba zai motsa ba tunda duk cikin gida ɗaya ne. Suna kuma nuna cewa ƙananan gidajen da yawa ba su da wata alama a jiki da za ta raba su sarai, sai an je ɗakin gwaji. Masu rarrabawa na cewa gidan da ya tara ɗaruruwan jinsuna daga nahiyoyi daban-daban sunansa ba ya gaya wa mai karatu komai. In ka ji Xenoglossa ka san maganar nahiyar Amurka ake yi, in ka ji Tetralonia hankalinka ya koma Afirka da Turai da Asiya.

Akwai kuma masu amfani da sunayen a aikin yau da kullum: malaman gona, masu rubuta dokar kare muhalli, masu koyarwa. Su damuwarsu kwanciyar suna ce, domin kowane sauyi na nufin gyara littattafai da rumbunan bayanai. Kukansu na da tushe. Amma barin suna a kan dangantakar da aka tabbatar ba daidai ba ce shi ma yana da tsada, domin mai bincike kan ɗauki abin da aka sani game da jinsi ɗaya ya yi hasashe a kan ɗan gidansu, kuma in gidan na bogi ne hasashen ya ɓata. Tsarin 2023 ya dogara da hujja mafi yawa, sababbin jerin sunaye na Turai ma sun koma amfani da Tetralonia, sai dai rubuce-rubucen da ke ɗauke da sunayen 2018 ba za su ɓace ba.

Ga ɗalibi abin yi ba shi da wuya. Kalma ta biyu ita ce ta fi zama daram: pruinosa tana nan tun 1837. In ana neman bayani a nema da kowane sunan gida, in ana rubutu a faɗi tsarin da aka bi da shekararsa. Idan aka ga sunan wanda ya fara bayyana jinsin an sa shi cikin baka bayan sunan ƙwaron, alama ce cewa an taɓa sauya masa gida.

Inda zancen ya iso gonakinmu

Ba kowane amfanin gona ne ke buƙatar ƙwaro ba. Gero da dawa da masara iska ke ɗaukar musu garin fure. Shinkafa da wake da gyaɗa galibi furensu kan barbari kansa. Kabewa da kankana da guna da duma kuwa furen namiji daban, na mace daban, in ƙwaro bai kai garin ba babu ɗa. Auduga da riɗi da kuɓewa suna tsakiya: za su yi 'ya'ya ko ba ƙwaro, amma sukan fi yawa da kyau in ya ziyarce su.

Auduga da kuɓewa da rama da yakuwa dangi ɗaya ne a tsirrai, ko daga siffar furensu ana gani. Garin furen nasu manya ne masu ƙaya-ƙaya, kuma ƙudan zuman amya bai cika son tara na auduga ba, ya fi zuwa don ruwan zaƙi. A gidan Tetralonia kuwa akwai jinsunan da suka ƙware a furen wannan dangi, gashin ƙafarsu ya dace da irin wannan gari.

Wani bincike da Katharina Stein da abokan aikinta suka yi a Burkina Faso, aka buga a 2017, ya gwada abin a gona. Sun rufe wasu furanni don hana ƙwari shiga, suka bar wasu. Inda aka hana ƙwari, amfanin auduga ya ragu da kimanin kashi 37 cikin ɗari, na riɗi da kashi 59. Cikin ƙudan zuman da suka yi fice a furen audugar, ban da na amya, akwai wani mai dogon ƙaho, Tetralonia fraterna. Alƙaluman na Burkina ne, ba za a ɗora su kai tsaye a kan gonar Akko ko Yamaltu Deba ba. Amma amfanin gonar iri ɗaya ne da wanda aka san Gombe da shi: auduga ce ta ɗaga kasuwancin garin a ƙarnin da ya wuce, riɗi kuma yana cikin abin da manoman Gombe da Bauchi ke samun kuɗi da shi a yau.

Nan ne ake samun ra'ayi biyu. Wasu na ganin in dai barbarar fure ce matsalar, a ƙara amya a gefen gona, a samu zuma a samu amfani. Shawara ce mai kyau ta fuskar kuɗin shiga, kuma amya aba ce da manomi ke iya ɗorawa ya kula da ita. Sai dai wani babban nazari da Lucas Garibaldi ya jagoranta, wanda ya fito a 2013 bayan duba gonaki 600 na amfanin gona iri-iri a nahiyoyi da dama, ya nuna cewa ziyarar ƙwarin daji na ƙara ɗaurin 'ya'ya ko da na amya sun yi yawa a wurin. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Mai dogon ƙaho kuma ba a kiwonsa, ba a saye a kawo. In ƙasar wurin ba ta karɓe shi ba, babu shi.

Huɗa da feshi

Tunda tsutsar na kwance a ƙasa mafi yawan shekara, duk abin da ya juya ƙasar ya shafe ta. Gwaje-gwaje a Amurka kan mai furen kabewa, wanda ke yawan haƙa raminsa a gindin shukar, sun nuna cewa huɗa mai zurfi na rage yawan waɗanda ke fitowa a shekara mai zuwa. Fartanya da garmar shanu ba sa nutsawa kamar faifan tarakta. Wannan ba hujja ba ce ta a ce manomi ya bar tarakta, wanda ke da kadada goma ba zai koma fartanya saboda ƙwaro ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne barin kan iyakar gona da gefen hanya da gindin itatuwa ba a taɓa ba, musamman inda aka ga ƙananan ramuka masu tulin ƙasa a baki da ƙwari masu gashi na shiga da fita da rana. A gonakin noman rani na Dadin Kowa, inda ruwa ke malale fili, tudun da ke tsakanin fangali shi ne wurin da rami zai iya tsira.

Feshi ya fi sarƙaƙiya. Mai auduga da mai wake ba sa feshi don nishaɗi, tsutsa na iya cinye musu wahalar damina guda. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a guji feshi lokacin da fure ke buɗe, a bari sai yamma lis. Tana taimakawa, domin furen kabewa da na kuɓewa da safe suke buɗewa, ƙwarin ma a lokacin suka fi aiki. Amma an gina shawarar ne a kan ƙudan zuman amya, wanda galibi a kan fure yake haɗuwa da magani. Ita mai haƙa rami tana cuɗanya da ƙasar kanta, 'ya'yanta kuma a ciki suke girma, don haka maganin da aka zuba a ƙasa ko aka shafa wa iri yana iya isa gare su ko ba a yi feshi a fure ba.

A Kanada, wani gwaji na Jami'ar Guelph da aka buga a 2021 ya gano cewa inda aka sa maganin imidacloprid a ƙasa lokacin shuka, ramukan da masu furen kabewa suka haƙa sun ragu da kashi 85 cikin ɗari, 'ya'yan da suka samar kuma da kashi 89. Tarayyar Turai ta hana amfani da wannan magani da wasu biyu 'yan gidansu, clothianidin da thiamethoxam, a buɗaɗɗun gonaki tun 2018. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke rajistar magungunan ƙwari. Sunan sinadarin yana rubuce a jikin kwalba ko leda, galibi da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan kasuwa, kuma shi ya kamata manomi ko malamin gona ya duba kafin a zuba magani a ƙasar da za a shuka kabewa, kankana, kuɓewa ko auduga.